Fiffiken Hagu Ya Tafi a Tsire

Kawuna ya soke tsire da fiffiken jirgin kakana. Ba ba'a nake yi ba, ba kuma habaici ba ne. Fiffiken hagu na jirgin sama na gaske ya ɓaɓɓalle wa haƙarƙari, ya fiƙe su, ya jera musu nama, ya barbaɗe da yaji, mutanen unguwarmu Bani Malik suka saya suka ci suka watsar da tsinken a bakin titi. Sauran jirgin ya tsira, alhamdulillahi, yanzu haka yana falon gidanmu, ina kallonsa ina danna wayar nan, daɗi kamar ya kashe ni. Amma raina bai huce ba, wallahi bai huce ba, shi ya sa zan ba ku labarin tun daga tushe ko da babban yatsana zai kumbura.

Kakana na wajen uwa a nan Jidda aka haife shi. Iyayensa ne suka zo hajji a ƙasa, suka zauna. Kafinta ne. Mu jikoki "ya Sidi" muke ce masa, yadda 'yan Hijaz ke kiran kaka, shi kuma ni "uwargida" yake ce min, don wai duk cikin jikokinsa ni ce mai baki. Lokacin da filin jirgi yake cikin gari, jikin unguwar Sharafiyya, ya samu aiki a wani wurin gyara, yana haɗa akwatuna da tsani da duk abin da ya shafi katako. A can ya haɗu da wani tsohon Bature makanike, wanda zafin Jidda ya mayar ja wur kamar tumatir. Mutumin ya zo daga ƙasarsu da nannaɗaɗɗen zane da damin katako, da niyyar ya riƙa haɗa ɗan jirginsa idan an tashi daga aiki. Zafi ya ce bai san zancen ba. Da zai koma gida sai ya kira Kaka, ya nuna zanen, ya nuna katakon, ya nuna ƙirjin Kaka. Iyakar hirar ke nan, don Larabcin Baturen bai wuce "yalla" da "bukra" ba.

Ku da kuka ji jirgi kada ku hango irin na alhazai. Wannan ɗan mitsitsi ne, kujera ɗaya tal, ba rufi a kanka, iska tana dukan fuskarka. Fukafukansa a ƙasa suke, daidai ƙugun mai tuƙi. Injinsa na 'yar dunƙulalliyar motar nan ne mai inji a baya, wadda iska ke sanyaya ta ba ruwa ba, sai a juya shi a ɗaura masa farfela ta katako. Gangar jikin kamar doguwar akwati ce mai tsukewa wajen jela, ƙashinta siraran sanduna, fatarta falle-fallen katako marasa kauri. Mutum biyu suna ɗaga ta ba nishi. Kaka ya ce irin waɗannan jirage bayan babban yaƙin Turai suka yawaita, lokacin da mutane da yawa suka koyi tuƙi a soja, yaƙi ya ƙare, sha'awa ba ta ƙare ba. Sai suka shiga zana ƙananan da mutum zai iya yi da hannunsa a gida, da zarto da gam da haƙuri, ya tashi ranar hutu ya zaga gari ya sauko ya sha shayi.

Fiffiken ne abin kallo. Azara ɗaya ce mai ƙarfi ta tafi tun daga jiki har ƙarshe, sannan haƙarƙari a jere a kanta, su ke ba shi siffar nan mai tudu a sama. Kowane haƙarƙari kuma ba katako ɗaya ba ne. Siraran tsinkaye ne masu kusurwa huɗu, kaurinsu bai kai fensir ba, a lanƙwasa biyu sama da ƙasa, a gicciya gajeru a tsakani kamar saƙar gada, a manne kowace mahaɗa da ɗan guntun falle da gam da ƙusa ƙarama kamar ƙayar kifi. Idan an gama sai a shafe da man katako, a lulluɓe da yadi, a ɗinke, a shafa wani magani da zai sa yadin ya ɗame kamar fatar kalangu.

Katakon da Baturen ya bari ba irin na kasuwa ba ne. Fari ne, ba nauyi, ba ƙulli ko ɗaya, jijiyoyinsa a miƙe suke a matse kamar zaren shadda. A ƙasashen sanyi yake fitowa, inda bishiya ke girma a hankali. Kaka yana tattalinsa kamar ruwan Zamzam a hannun baƙo. Ko ɓarɓashin ba ya zubarwa.

Za ku ce me ya sa shekara talatin da ɗoriya bai gama ba. To ku zo Jidda ku shafa gam a watan zafi ku gani. Ruɗuba, wato laimar nan ta teku da ke sa riga ta manne a baya, ba ta barin gam ya kama yadda ya kamata. Sai 'yan makonnin sanyi yake mannewa, sauran shekara yanka da guga kawai. Ga aikin neman abinci, ga 'ya'ya, ga tashi daga Sharafiyya zuwa Bani Malik, inda jirgin ya koma saman bene ƙarƙashin rumfar kwano da tamfol. A haka ya gama jiki, ya gama jela, ya gama fiffiken dama har yadi. Na hagu ya haɗa haƙarƙarinsa duka, saura mai da yadi, sai gwiwa ta ƙi, ido kuma ya fara hazo.

Ina 'yar firamare aka taɓa fita da shi sau ɗaya. Ba fukafukai, jiki da inji kawai. Aka ɗora a bayan motar wani maƙwabci aka wuce Abhur ta bakin teku, can gaba da gidajen hutun masu hali, inda ƙasa take a shimfiɗe fara fat da gishiri. Kaka ya naɗe tobinsa, doguwar rigar nan ta Larabawa, ya shiga, maƙwabcin ya murza farfela da hannu ya yi tsalle baya. Ƙarar ta sa na ɓuya bayan abayar Ummata. Abin ya fara gangarawa, ya ƙara gudu, sai jelar ta ɗaga daga ƙasa, ya tafi a kan taya biyu, hular Kaka ta tashi ta bar shi. Da ya zagayo ya kashe, haƙoransa duk yashi, dariya yake har da hawaye. Kawu yana wurin ranar. Shi ya bi hular da gudu ya ɗauko. Ina so ku riƙe wannan, don kada wani ya ce min bai san darajar abin ba.

Da Kaka ya daina hawa matakala sai na zama ƙafarsa. Kullum bayan la'asar na hau, na ɗaga tamfol, na duba gara, na duba ko kyanwa ta haihu a kujerar, na sauko na ba da rahoto. Jirgin yake ce wa kishiyata.

"Uwargida, ya kishiyarki?"

"Tana nan, ya Sidi. Ta fi ka lafiya."

"Ai dole. Ita ba ta da jika mai cika ta da surutu."

Sai jarrabawar kulliya, wato jami'a, ta zo. Kimiyyar lissafi nake karantawa, wadda ta san ta ta san ba a haɗa ta da komai. Na yi makonni ban hau ba, na gaya wa Kaka gaskiya, ya ce ba komai, katako ba ya gudu. Daidai lokacin kuma kasuwar Kawu ta buɗe. Kawu ƙanin Ummata ne, ɗan Kaka na cikinsa, yana da wurin tsire a bakin layinmu, wanda Larabawa ke ce wa siriya suna layi a kai. Ba zan yi masa ƙarya ba, tsirensa ya haɗu marra, ba kaɗan ba. A saman benen nan yake ajiye buhunan gawayi, shi ya sa yake da mabuɗi.

Ranar da na rubuta takarda ta ƙarshe na dawo ina rawa a matakala, na hau da waƙa a bakina, na yaye tamfol. Kun san kifin da aka cinye aka bar ƙashin baya a faranti? Azara ce kawai a kwance, da 'yan guntayen falle a manne inda haƙarƙari suke a da. Damin ragowar tsinkayen da Kaka ya ajiye don gyara, shi ma babu. A ƙasa ga ɓawon fiƙa, fari, a tare gefe guda da tsintsiya. Har shara aka yi, don ladabi.

Ban ma saka takalmi daidai ba na isa wurin Kawu. Yana tsaye yana fifita wuta, ga su nan a jere a kan waya, nama yana ɗiga a jikinsu. Na gane su tun daga nesa, don tsinken kasuwa zagayayye ne, waɗannan kuwa masu kusurwa huɗu.

"Kawu, wannan tsinken daga ina?"

Ko ɗagowa bai yi ba. "An gama jarrabawar? Mabruk, barka."

"Daga ina, Kawu?"

"Ke, ishbik, me ke damunki? Na kasuwa ya yanke, mai kawo min bai zo ba, jama'a na jira. Na ɗauki damin da ke ajiye. Da ya ƙare na ga wancan ɓangaren ko fenti babu." Ya juya tsire ɗaya. "Kuma kin san wani abu? Nama ba ya juyawa a kansa. Na kasuwa kana juya tsinke nama na tsaye. Wannan kuwa tamam, daidai."

Yabo ma yake yi. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan har yau. Ya tsaya yana yaba min ingancin fiffiken ubansa a matsayin tsinke.

Na koma gida ina kuka na gaya wa Umma. Na ɗauka gidan zai kama da wuta. Umma ta yi salati, ta zauna, sannan ta ce in rufe ƙofa. Ta kira yayarta a waya, suka yi ƙus-ƙus, aka yanke hukunci a kaina: kada Kaka ya ji.

"Hawan jininsa," in ji Umma. "Kina so ki kashe shi a kan itace?"

"Ba itace ba ne, Umma."

"To mene ne, nama ne? Abin da ya faru ya faru, halas, shi ke nan. Ba ya hawa, ba ya gani. Idan ya tambaye ki ki ce lafiya lau. Kuma ki kiyaye bakinki da kawunki, aibu ne 'ya ta tsaya a titi tana tuhumar ƙanin uwarta."

Kun ji fa. Wanda ya ɓalle fiffike ba a ce masa aibu ba, ni da na tambaya ce mai aibu. A gidanmu babba ba ya laifi, sai dai a ce ƙaddara ta bi ta hannunsa. Na yi kwanaki ina zillewa Kaka, in ya kira ni in ce kaina ke ciwo, don na rantse ba zan kalli idonsa in ce kishiyata tana lafiya ba. Kuma kullum ina tunanin na dama. Yadi ne kawai ya rufe shi, reza ɗaya ta isa. Na nemi a karɓe mabuɗin daga hannun Kawu, Umma ta ce to gawayinsa fa.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci duk gidan ake haɗuwa a ci abinci a ɗakin Kaka. Kawu ya saba kawo masa tsire, kuma Kaka ba ya son a zare masa a takarda, a tsinke yake so, ya riƙe da kansa. Kawu ya shigo da fara'arsa, ya durƙusa, ya miƙa. Na kalli abin da ke hannunsa, na kalli Umma. Ko kunyar canza tsinken bai ji ba. A lissafinsa tsoho ba ya gani.

Kaka ya yi bismilla, ya ci yanka ɗaya, ya ci na biyu. Sai na ga ya daina tauna. Ya murza tsinken tsakanin yatsu, ya ƙi murzuwa. Ya zare sauran naman ya ajiye a faranti, ya goge tsinken da gefen tobinsa, ya bi shi da farce tun daga tsini har gindi. A gindin akwai busasshen gam da ɗan ramin ƙusa. Ya kai hanci ya shinshina ta inda wuta ba ta taɓa ba.

Ya ɗago kai.

"Na dama ko na hagu?"

Umma ta dafa cinyata ta matsa da ƙarfi.

"Uwargida, ke nake tambaya."

"Na hagu, ya Sidi. Duka. Da damin ajiya. Azara ce ta rage."

Ya gyaɗa kai a hankali. Kawu ya gyara zama ya fara.

"Baba, ka yi haƙuri, amma a duba gaskiya. Tun ina yaro ake abin nan. Ko an gama, wa zai ba ka izinin tashi? A garin nan? Ko baladiyya, hukumar gari, ta hango shi a sama sai mun yi bayani. Ni na ga yana zaune ne kawai gara na jira."

"Na ce maka tashi zan yi?"

"To in ba tashi ba, Baba, jirgi na mene ne?"

"Kai da ka haddace Yasin, mutuwa za ka yi gobe?" Kaka ya ɗaga tsinken daidai fuskarsa kamar yana gani. "Wannan a shekarar da aka yi maka kaciya na yanka shi. Kana kwance kana ihu, ina gefenka ina guga don in ɗebe maka kewa. Kai ka riƙe min bakinsa." Ya ajiye. "Kuma naman ya ƙone ta gefe ɗaya."

Wallahi da ba don idon Umma ba da na yi guɗa.

Bai yi faɗa ba, jininsa kuma bai hau ba, don da yamma da kaina na gwada shi. Cewa ya yi a sauko da jirgin. Umma ta ce a sauko da shi ina. Ya ce falo. Falon maza fa, inda Kawu ke tara abokansa kallon ƙwallo, inda aka shimfiɗa sabon kafet. Ya ce a kwashe kujerun a kai sama wurin gawayi, tunda can ne wurin abin da ba a so. Kuma Kawu ne zai sauko da shi da hannunsa, in ya ƙwarzane ko'ina kada ya sake kawo masa tsire har ya mutu.

Washegari da safe layinmu ya ga abin da bai taɓa gani ba. Kawu da ma'aikatansa biyu suna zuro gangar jirgi da igiya ta gefen bene, gumi na zuba, ni ina taga ina ba da umarni, kuma ban rage murya ba. Maƙwabta suka fito.

"Ya Hajji, ina aka nufa, Kano?"

"A ajiye min kujerar taga."

"Mai siriya ya zama kyaftin, mashaAllah."

Umma ta ce ba zai shiga ba, sai an fasa bango. Kaka yana zaune a kujerarsa a tsakar falo ya ce a cire ƙarfen taga kawai. Ashe wanda ya zana jirgin, yadda Baturen ya kwatanta wa Kaka da hannu, a ɗakin bene ya haɗa nasa, don haka ya tsara shi gunduwa-gunduwa, ba gunduwar da ta fi ƙarfin taga. Jiki ya shige, jela ta shige, fiffiken dama ya shige da ɗan karkatawa. Azarar hagu Kawu ya shigo da ita a kafaɗa ta ƙofa, shi kaɗai, kansa a ƙasa. Kaka ya sa aka tura kujerarsa, ya bi jirgin da tafin hannu tun daga hanci har jela. Rabonsa da taɓa shi tun kafin in shiga kulliya.

A gaban kowa ya ce daga yau jirgin nawa ne, ni zan ƙarasa na hagu, shi zai zauna ya zama bakin, ni in zama hannun. Ya sa na ciro allon da yake haɗa haƙarƙari a kai, mai 'yan guntayen katako a kakkafe da ke riƙe kowane tsinke a mazauninsa. Allon nan Allah ya tsare shi, ina jin don ya yi kauri da yawa ba ya shiga nama.

Kawu har yau bai ce min komai ba. Ga Kaka ya ba da haƙuri, ni kuwa in mun haɗu a matakala sai ya ce "injiniya" ya wuce. 'Yar uwar Umma ta daina amsa gaisuwata yadda ta saba, wai na tona asirin gida. Asirin da rabin unguwa suka ci da albasa. Ba komai, na ji, na ɗauka.

Matsalar da ta rage ita ce katako. Na je wurin masu sayarwa na kawo kala-kala, Kaka ya karɓa ya lanƙwasa kusa da kunnensa, ya ji ƙara, ya ce in kai wa kawuna. Wanda bai karye ba kuma nauyi gare shi, in aka sa shi fiffiken hagu zai rinjayi na dama. Ya ce irin wancan farin katakon ana samunsa a cikin tsohon fiyano, a fuskar ud, garayar nan ta makaɗan Larabawa, wani lokaci a sandar filafilan ƙananan jiragen ruwa irin na masu hutu a Abhur. Ba mai yawa muke nema ba, tsinkaye ne. Ko fasasshe ne, in dai jijiyar a miƙe take, zan tsaga.

Sanyi ya kusa, kuma 'yan makonnin nan ne kaɗai gam ke kamawa. Kaka ya ce shi ba ya yi wa sanyin baɗi alkawari. Yana faɗa yana dariya, ni ba na dariya.

Don haka don Allah, duk wanda wannan ya iso wayarsa, ya tura wa na gaba. Musamman direbobi da masu aiki a gidajen Abhur, da masu kwasar tsofaffin kaya, da duk wanda ya san mai gyaran kayan kiɗa. Wanda ya samu wani abu ya gaya wa wanda ya turo masa, zai iso gare ni. Ku tura, don Allah.